Auren da Baba Gana Ya Ɗaura a Dandali

Da Ba Kyari ya san abin da bakin ƙanensa zai jawo a gaban jama'a, da bai bar 'yarsa Falmata ta taka zauren nan ba. Amma a ranar farko ba abin da ya nuna alamar matsala. Laffaya kawai aka aike ta kaiwa.

Maƙwabciyarsu a Yerwa, Madam Ketura, malamar makaranta ce, kuma ita ke shirya bikin wasan kwaikwayo na sababbin marubuta. Ta ari laffaya a wurin Ya Gumsu, mahaifiyar Falmata, don 'yan wasa. Da Falmata ta shiga zauren ta tarar ana gwaji. Wata yarinya na tsaye a kan dandali tana cewa, "Zuciyata ta narke saboda kai."

Falmata ta ƙyalƙyale da dariya.

Wani saurayi siriri mai tabarau ya juyo. Shi ne Yunus, marubucin wasan.

"Malama, me ya ba ki dariya?"

"Ba 'yar Yerwa da za ta faɗi haka, ko da ta narke ɗin."

"To me za ta ce?"

"Cewa za ta yi, ka ci abinci kuwa?"

Yunus ya daɗe yana kallonta, sannan ya soke layin ya rubuta nata. Daga ranar ya sa mata suna Mai Gyara, ita kuma ta sa masa Marubuci.

Wasan labarin wani maraya ne, Modu, da ya koma gonar mahaifinsa a Dusuman ya nemi auren Bintu. Da yarinyar da ke fitowa a Bintu ta janye, Madam Ketura da kanta ta je Kasuwar Kifi ta Baga Road, inda Ba Kyari ke sayar da busasshen kifi, ta roƙe shi ya bar Falmata ta karɓi matsayin.

Ba Kyari mutum ne mai yawan fargaba a kan 'ya'yansa. Ya juya kifi, ya sake juyawa.

"Madam, don ke ce. Amma duk ranar gwaji Baba Gana zai raka ta, ya zauna har a tashi."

Baba Gana ƙanensa ne, tela, mai son raha. Ya riƙa zama a kujerar gaba yana cin gyaɗa, har ya haddace wasan fiye da masu yin sa.

Da yamma saƙonni kan shigo wayar Falmata.

"Mai Gyara, yau na rubuta shafi guda ba kuskure. Ban ji daɗinsa ba, don ba dalilin kiranki."

"Turo in gani, Marubuci. Ba ka taɓa yin shafi ba kuskure ba. Ka ci abinci kuwa?"

"Yanzu na ƙoshi."

Akwai kuma Ahmed, wanda ke fitowa a Modu. Mahaifinsa dillalin shanu ne, abokin Ba Kyari tun ƙuruciya, kuma Ahmed ya daɗe yana zuwa gaisuwa gidan. Ba Kyari na son yaron. Don haka da Yunus ya turo manya su gabatar da shi, ransa bai kwanta ba.

"Mai rubuta wasa? Ya Gumsu, da wasa ake riƙe gida?"

"Yana koyarwa a firamare ma."

"Ni dai ba zan yi mata dole ba, amma ba zan iya wannan lissafin ba." Ya juya ga ƙanensa. "Gana, dama a gidanmu uba ba ya ba da 'yarsa da bakinsa. Na bar maganar Falmata a hannunka. Wanda ka ba, na ba."

Ranar biki zauren ya cika bayan la'asar. An yi wasan wata budurwa 'yar Biu, an tafa. An yi na wani ɗalibi a kan masu Keke Napep, an sha dariya. Ba Kyari na zaune can baya, carbi a hannu.

Ana dab da fara na Yunus aka ce dattijon da ke fitowa a mahaifin Bintu zazzaɓi ya kwantar da shi. Madam Ketura ta dafe kai. Baba Gana ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga rigarsa.

"Ku ba ni rawanin. Wace magana ce ban sani ba?"

Wasa ya yi kyau. Falmata ta ce, "Ka ci abinci kuwa?" mata suka yi guɗa. Aka zo wurin ɗaurin aure, wanda Yunus ya rubuta shi cikakke kamar na gaske. Ahmed ya durƙusa, ya ajiye sadaki, ya nemi aure da bakinsa tunda maraya ne a wasan.

Baba Gana ya ga taro, daɗi ya kwashe shi. Ya manta da Bintu, ya manta da Modu. Ya ɗaga murya ya ce, "Na ba ka, Ahmed, auren 'yata Falmata a kan wannan sadaki!"

"Na karɓa," in ji Ahmed.

Matasa suka tafa. Dattawan da ke zauren ba su tafa ba. Wani tsoho kusa da Ba Kyari ya sunkuyo.

"Wannan ba ƙanenka ba ne? Ka taɓa wakilta shi?"

Carbin ya faɗi daga hannun Ba Kyari. Kowa a nan ya taso yana jin malamai na cewa maganar aure, ko da wasa aka yi ta, tana iya zama gaske. Ga waliyyi, ga sadaki, ga shaidu cike da zaure.

Kafin magariba labari ya zaga Yerwa. Madam Ketura ta zo gida tana ba da haƙuri, ta ce ita ba ta san haka abin yake ba. Baba Gana ya kasa haɗa ido da kowa. Abokan Ahmed kuwa har sun fara ce masa ango, shi kuma yana murmushi yana cewa, "Allah ne ya yi."

Ba Kyari ya kai maganar wurin Goni Abatcha, limamin unguwarsu. Goni ya saurara har ƙarshe.

"Kyari, wani malamin zai ce ba aure, tunda kowa ya san kwaikwayo ake yi kuma ba a nemi yardar yarinya ba. Wani zai ce an ambaci sunayen gaskiya, kuma kai ka wakilta ƙanenka. Ni ba zan ɗaura mata wani aure a kan shakka ba. Sai yaron ya furta cewa in ma akwai aure, ya sauwaƙe mata."

Ba Kyari ya dawo gida a hankali. Surukin da yake so ne ya faɗo masa a hannu, amma ya rasa dalilin da bai ji daɗin abin ba. Ya tarar da Falmata zaune a tsakar gida, abinci a gabanta ba ta taɓa ba.

"Yaron nan Yunus yana kiranki?"

Ta girgiza kai, ta miƙa masa wayar. Ya nisanta wayar da idonsa ya karanta a hankali.

"Falmata, laifina ne, ni na rubuta abin da bai kamata a faɗa a dandali ba. Har malamai su yanke, ba zan kira ki ba, ba zan kira ki da sunan da na saba ba, don wataƙila ke matar wani ce. Kada ki yi fushi da Baba Gana. Ki ci abinci."

Ba Kyari ya sake karantawa. Ya miƙa mata wayar, ya tura kwanon gabanta.

"Ai kin ji abin da ya ce."

Washegari da safe ya tafi kara, kasuwar shanu. Ya samu Ahmed jingine da turke, ya ja shi gefe.

"Ahmed, ka san ina son ka."

"Na sani, Baba."

"In 'ya'yanku suka tambaye ka yadda ka auri uwarsu, me za ka ce? Bakin tela ne ya suɓuce?"

Ahmed ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa da takalmi.

"Ita me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba. Tun ranar ba ta yi dariya ba."

Ahmed ya ɗago kai. Shi ma ya san dariyar, ita ta fara kai shi gidan.

"Mu je wurin Goni, Baba."

A gaban Goni da shaidu ya furta cewa in ma akwai aure, ya sauwaƙe wa Falmata. Ba Kyari ya dafa kafaɗarsa ya sa masa albarka har sai da yaron ya share ido.

Da la'asar saƙo ya shigo wayar Falmata.

"Mai Gyara, Babanki ya aiko in sake turo manya."

"Marubuci, wannan shafin ba kuskure."

A ranar rufe biki an sake nuna wasan. Wannan karon Yunus ya mayar da ɗaurin auren bayan labule, guɗa kawai ake ji.

Bayan sallah aka ɗaura na gaske a ƙofar gidan Ba Kyari. Ahmed ne ya raba goro. Da aka zo wurin bayarwa, Goni ya dubi Baba Gana ta saman tabarau.

"Gana, a hankali. Ka san sunan angon?"

Jama'a suka fashe da dariya. Baba Gana ya share zufa, ya faɗi sunan Yunus da na Falmata dalla-dalla, aka shafa fatiha. Ba Kyari ya riƙe hannun surukinsa ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa ta riƙa gyara ka har tsufa." Daga cikin gida guɗar Ya Gumsu ta tashi, ƙamshin turaren wuta ya cika layi.

Ko abin da ya faru a dandali ranar nan aure ne ko ba aure ba ne, har yau dattawan unguwar ba su daidaita ba, kuma Ba Kyari kansa bai sani ba.