Murya Biyu a Maƙogwaro Ɗaya

A bakin kogin Hemcik ne saurayi Herel ya fara jin ta: gurnani mai kauri a ƙasa, siririn fito na yawo a samansa, duk daga maƙogwaro ɗaya. Ya zagayo dutsen yana zaton wani dattijo ne, sai ga budurwa riƙe da bokitin madara.

"Rufa min asiri, ɗan birni," in ji ta. "Mata ba sa wannan waƙar."

"Faɗa min sunanki, in yi shiru."

"Sailik. Rufe bakin kuma, kar ƙuda ya shiga."

Ya koma birnin Kizil karatun kimiyyar sauti, zuciyarsa kuwa tana can rugar su Sailik. Kullum sai ya tura saƙo.

"Tsuntsuwata, yau malam ya ce fiton nan yana cikin muryar kowa, harshe da kogon baki ne ke tsamo shi. Na gwada, maƙwabta suka buga min bango. Ina kewarki."

"Daina azabtar da mutane. Ni ma tun tafiyarka shayin nan namu mai gishiri lami nake jin sa, ko na ƙara gishiri."

Da labari ya kai wa mahaifiyarsa Dolana, ta dire kofi.

"Mai waƙar maƙogwaro ba ta haihuwa. Ta rantse ta daina, ko in nema maka wata."

"Inna, iska ce fa da harshe. Me ya haɗa su da mahaifa?"

"Malamin naka ne zai ba ni jika?"

Herel ya yi wauta, ya roƙi Sailik ta rantse. Amsarta layi ɗaya ce: "Da me ka fara so na?" Daga nan ɗif, har ƙanƙara ta sauka ta narke. Saƙo arba'in ya tura, ya rame kamar sanda.

Lokacin haihuwar tumaki ya dawo gida, ya tarar bakwai sun ƙi 'ya'yansu. A al'adarsu waƙa ake wa tumakin su karɓa, ga muryar Dolana mura ta dusashe ta. Biyu cikin 'ya'yan suka mutu.

Da hantsi Sailik ta iso bisa doki. Ko kallonsa ba ta yi ba, ta durƙusa a garke ta saki muryar nan a gaban kowa. Tunkiyar farko ta daina harbi, ta sunkuya tana lasar ɗanta. Ta biyu ta bi.

Dolana ta nuna mata sauran tumakin. "Matsa can, 'yata, saura uku."

Da kaka aka ɗaura auren. Dolana da kanta ta watsa madara sama tana sa albarka, amarya kuwa ba ta rantse da komai ba.