Masarar da Ke Saman Murhu

"Fina! Wai takalmin nan naki tafiya yake yi da kansa?" in ji Rutilio, yana tsaye da tsintsiya a hannu. "Jiya ƙarƙashin gado, yau bakin murhu!"

Delfina ta yi dariya. "Kai da tsintsiyar nan kamar ita ka fara aura. Bar min shi, na san inda na ajiye."

Haka suke tun da suka yi aure a ƙauyensu na kan tsaunukan Oaxaca. Shi mai kemis ne, ko cokula sai ya jera su bisa tsawo, ciyawa kuwa ba ta kwana a tsakar gidansa. Ita kuma inda hannunta ya gaji, nan ne ma'ajiya. Ta sakar masa gidan ya gyara yadda yake so, ban da abu ɗaya: damin shuɗiyar masara da ke rataye saman murhu, ya yi baƙi ƙirin. Iri ne, na ƙarshe da mahaifinta ya zaɓa kafin ya rasu, hayaƙin ne ke kare shi daga ƙwari har damina.

"Wannan kam ba zan taɓa ba," ya ce da ita, hannu a ƙirji. "Na yi alkawari."

Ana nan sai mahaifiyarsa, Doña Herlinda, ta zo daga birni don bikin shekara na coci, lokacin Delfina ta tafi wurin yayarta da ta haihu. Ranar da ta dawo ta tarar da kicin fes, an shafe bango da farar ƙasa. Surukar ta ajiye mata tortiya, wato wainar masara, mai zafi, shuɗiya, ita kuma ga yunwa, ta hau ci. Sai ta ji ɗanɗanon hayaƙi a bakinta. Ta ɗaga kai, ƙusa ce kawai a bango.

"Rutilio, ina masarar Baba?"

"Ɓeraye ne, Fina... sun lalata ta, sai na zubar."

"Waɗanne ɓeraye?" Doña Herlinda ta katse shi. "Ni na ce a sauke wannan ƙazantar, baƙi za su zo. Shi ya hau kujera ya sauko da ita, shi ya ɓare min ita a tsakar gida. Ga ta nan kina ci, 'yata, ai ban bari an yi asara ba!"

Delfina ta dubi mijinta, hawaye na zuba.

"Da hannunka? Kuma ka kalli idona ka ce ɓeraye?"

"Mama ce ta matsa..."

"Mama ba ta yi min alkawari ba. Kai ka yi!"

Yayarta ta ce ta kwaso kayanta ta dawo gida, ta ƙi. Ta zauna, ba ta zagi suruka ba, ba ta fasa girki ba. Sai dai daga ranar komai nata ya koma mazauninsa. Takalma a jere, gyale a ninke, dariya kuma babu. Gidan ya zama yadda Rutilio ya daɗe yana nema, kuma bai taɓa jin ƙuncin zama a cikinsa irin na lokacin ba. Ita kuwa duk sanda ta hura wuta ta ga ƙusar nan, sai abin ya dawo mata sabo.

Da ruwa ya sauka, wata safiya ta jiyo muryar surukarta, wadda ta sake kawo ziyara.

"Rutilio! Ciyawa a tsakiyar gidanka? Miƙo min fartanya!"

"A'a, Mama."

"Me ka ce?"

"Na ce a'a. Wannan ko ke ba za ki taɓa ba."

Delfina ta fito. Daidai inda ya zauna ya ɓare masarar, 'yan ƙwayoyin da suka faɗa tsakanin duwatsu sun tsiro. Ya kewaye su da ƙirare saboda kaji, ashe kwana da kwanaki yana kauce musu da tsintsiya.

Ta durƙusa ta shafa ganyen.

"Na yi miki ƙarya, Fina," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ki yafe min."

Ba ta yafe masa ba a ranar, don ciwon cin amana ba ya warkewa da kalma ɗaya. Amma haƙurinta bai tafi a banza ba, shi kuma ya gane cewa abin da kake kira tarkace, wataƙila shi ne duk gadon abokin zamanka, kuma gida ba ya gyaruwa da karya alkawari.

Da kaka ta yi, shi da kansa ya hau kujera ya rataye sabon dami a ƙusar nan. Yana saukowa ya yi tuntuɓe da takalminta a bakin murhu. Ya dube shi ya daɗe, sannan ya bar shi a inda yake.