Mai Makulli da Wasan Ba-Komawa

Makulli ɗaya ta kawo a yanka mata irinsa, ranar da ta fara zuwa rumfarsa. Rumfar ƙarama ce, a matse tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da fitilu, kuma bangonta duk makullai ne da ba a yanka ba tukuna, suna rataye suna jiran ƙofofin da ba su taɓa gani ba. In babbar mota ta wuce sai su kama kaɗawa a hankali, kamar masu gulma.

Mai makullin bai ɗago ba. Hankalinsa na kan laftof, yana buga wasan jaruman nan da ya shiga ran matasa a shekarar.

Wasan kuwa abin mamaki ne. Jarumai ne masu baiwa, wani yana tashi sama, wani yana ɗaga mota da hannu ɗaya, amma duk ƙarfinsu ba sa faɗa sai bi da bi. Ka motsa naka ka tsaya, abokan gaba su motsa nasu. Sai ka ga ƙato ya tsaya da ladabi yana jira a gama shawarar yadda za a mare shi.

"Kada ka matsar da Mai Laima can," in ji wata murya a kansa. "Za su zagaye ta."

Ya ɗago. Budurwa ce, da tef ɗin awo a wuyanta da ɗan zare fari maƙale a hannun rigarta. Ba shi take kallo ba, wasan take kallo. Hannunsa ya riga ya danna, kuma aka zagaye Mai Laima, tsohuwar jarumar da laimarta ke tare harsashi, aka kayar da ita.

Bai damu ba. Ya danna wani maɓalli, wasan ya koma inda ya ajiye shi, tsohuwa ta miƙe garau kamar ba abin da ya same ta.

Budurwar ta dube shi sosai a karon farko. "Kai ne Sake-Lale."

Ya ji kunya har kunnuwansa. Sunan da ake kiransa da shi ke nan a guruf ɗin masu wasan, inda kullum ake cacar baki a waya. Wasu na cewa wasan ya fi layin asibiti jinkiri. Wasu na cewa ai jinkirin ne daɗinsa. Wasu kuma haushinsu shi ne, bayan kowane faɗa sai jaruman su koma gida su zauna hira, wannan yana ba da labarin ƙuruciyarsa, waccan tana shayar da fulawa. Shi ne mai kare hirar da dogon rubutu. Mai yanka masa magana da layi ɗaya kuwa wata ce da ake kira Almakashi.

Ya dubi tef ɗin wuyanta, ya dubi zaren. "Ke ce kika ba wasan tauraro uku."

"Da biyu na yi niyya. Jarumin nan Tsawa ne ya cece shi."

"Tsawa ba shi da tunani, duka kawai ya iya."

"Ni kuma dukan na zo gani. Malam, za ka yanka min makullin ko sai an zo layina?"

Ya yanka mata guda biyu, ya ce na biyun kyauta ne, ko da za a ɓatar da ɗaya. Haka yake. Yana da makullin ko-ta-kwana na ɗakinsa, yana da na akwatin da ya ajiye na ko-ta-kwanan.

Daga ranar muhawararsu ta bar guruf ta koma tsakaninsu.

"Almakashi, na bi shawararki, Tsawa ya share su. Amma ina nan a kan bakana, hirar jaruman ita ce gishirin wasan."

"Gishirin ya fi miyar yawa. Ka ci abinci?"

"Na ci. Ke fa?"

"Ina yanka yadin amarya. Kada ka sa ni dariya, hannuna zai goce."

Ita mai yanka ce a wani babban shagon ɗinki a ƙarshen layin. Sau da yawa yakan tsaya daga bakin taga ya ga yadda take aiki: ta auna, ta sake aunawa, sannan ta saki almakashi ya tafi ɗoɗar ba waiwaye. Haka take buga wasan ma. Akwai wata hanya a cikinsa da ake kira ba-komawa, inda in jarumi ya faɗi ya faɗi ke nan har abada. Ita kaɗai take bi. Shi ko sunan hanyar ya gani sai ya yi maza ya wuce.

Kafin a jima ya fara kiranta Almakashina, ita kuma ta ce masa Makullina, sau ɗaya, da sauri, tana gyara tef. Ranar ya yanka wa wani mutum makulli a juye.

Sai dai akwai maganar da ya kasa turawa. Da safe, kafin ya buɗe rumfa, yakan rubuta ta, ya tura, ya karanta, ya ga wata kalma ba ta zauna ba, ya goge kafin ta gani. Gobe ma haka. Abin da take tararwa a wayarta shi ne layi bisa layi na "An goge wannan saƙon."

Mahaifinta mai aski ne, dattijo mai fararen gira, kuma ya ji labari daga mahaifiyarta. Wata rana da hantsi sai ga shi a rumfar, hannuwa a baya. Mai makulli ya durƙusa ya gaishe shi, ya kai hannu zai rufe laftof.

"Bar shi," in ji dattijon. "An ce min wasa kake yi. Yi in gani."

Ya ci gaba da wasan. Baba ya tsaya yana kallo, har ya gyaɗa kai da ya ga kowa na jiran layinsa. Can aka sake kayar da Mai Laima. Kafin ya yi tunani, yatsansa ya riga ya danna.

"Tsaya. Wannan tsohuwar ba yanzu ta mutu ba?"

"Na dawo da ita ne, Baba."

"Kullum haka kake yi?"

"In abin bai tafi daidai ba."

Dattijon ya dubi makullan bango. "Ni wasa bai dame ni ba, ɗana. Amma tun ina saurayi nake aski, ban taɓa mayar da gashi kan mutum ba. In na kuskure, sai in dubi idonsa in ba shi haƙuri, in gyara da abin da ya rage. Ranar da ka ɓata wa 'yata rai, wane maɓalli za ka danna?"

Bai jira amsa ba, ya tafi.

A makon ne kuma admin ɗin guruf ya fito fili neman aurenta. Mai babban shagon wayoyi ne, da jar mota, kuma ra'ayinsa a kan wasan sananne ne: na tsofaffi ne, shi tseren motoci yake so. Bai tsaya rubutu ba, kai tsaye ya je ya gaishe da Baba da ledoji a hannu.

Da la'asar saƙonta ya shigo.

"Admin ya ce mai yawan goge saƙo, wata yake tura wa sai ya kuskure lamba. Ban yarda da shi ba. Amma ban san me zan yarda da shi ba, tunda ban taɓa ganin abin da kake gogewa ba. Baba ya ce a ƙarshen mako zai ba su amsa. Ni na motsa nawa. Layinka ne."

Ya rubuta amsa. Ya goge. Ya dubi hannunsa kamar na wani.

Bai buɗe wa kowa rumfa ba washegari. Ya zauna a ciki, ƙofa a sakaye, hasken rana na shigowa ta tsaga yana sauka a kan makullai. Ya buɗe wasan, ya zaɓi ba-komawa.

Duniyar ta canza masa. Kowane taku sai ya ji shi a ƙirji. Ya auna, ya sake aunawa. A faɗan gada aka yi wa Tsawa ƙawanya, wannan Tsawan da ba shi da tunani, wanda wata take so. Hanyar ceto ɗaya ce. Ya daɗe yana kallon tsohuwar, ya tuna duk hirarrakinta, yadda take shayar da fulawa tana mita. Sannan ya tura ta gaba. Ta buɗe laimarta a kan Tsawa, aka yi mata ruwan wuta, ta faɗi.

Yatsansa ya tafi wajen maɓallin da ya saba. Babu shi. Wasan ya ci gaba, Tsawa ya miƙe ya share gadar, jaruman suka koma gida. Kujerar tsohuwa ba kowa, kuma Tsawa, wanda bai taɓa taɓa fulawa ba, ya ɗauki butar ya fara shayarwa. Mai makulli ya buga wasan nan ba adadi, bai taɓa ganin wannan ba, domin bai taɓa bari a kai nan ba.

Ya ɗauki waya ya rubuta, bai karanta ba ya tura.

"Almakashina abin da nake gogewa shi ne ina sonki kuma ina so in aure ki. Kullum sai in ga ban faɗa da kyau ba. Yau ma ban faɗa da kyau ba amma ga shi nan. Mai Laima ta mutu ta ceci Tsawanki. Ban dawo da ita ba. Zan je wajen Baba yanzu."

Amsar ba ta jima ba.

"Ba waƙafi ko ɗaya a saƙon nan, kuma shi ya fi duk dogayen rubutunka. Ni ma ina sonka, Makullina. Je ka."

Shagon askin a cike yake, madubi duk ya dushe a gefe, ana ta gardamar ƙwallo. Ya yi sallama ya bi layi. Yana da suma mai yawa da yake ji da ita, kullum da mataji a aljihu. Da aka zo kansa ya hau kujera, Baba ya ɗaura masa ƙyalle a wuya ba tare da ya nuna ya san shi ba.

"Yaya za a yi?"

"A kwashe duka, Baba."

Injin ya yi ƙara, ya bi ta tsakiyar kai, ya buɗe titi. Suma ta zubo a cinyarsa.

"Baba, na zo neman Almakashi." Duk shagon aka juyo ana kallonsa. Ya ji ya kira ta da sunan guruf a gaban mahaifinta, amma bai janye ba. "Zan yi kuskure, na sani. In na yi, zan dubi idonta in ba ta haƙuri, in gyara da abin da ya rage."

Injin ya ci gaba da tafiya, ya share ɓangaren dama tas.

"Tsohuwar nan mai laima fa?"

"Ta mutu, Baba."

"Ka dawo da ita?"

"A'a."

"To, sannu da haƙuri," in ji dattijon da murya irin ta ta'aziyya, har wani mai jiran layi ya cire hularsa, yana zaton da gaske ne. Sai Baba ya kashe injin, ya kwance ƙyallen, ya kakkaɓe. "Tashi. Je ka zo min da kawunka. In kun zo na ƙarasa."

"A haka, Baba?"

"Kana da wani kan na ko-ta-kwana ne?"

Haka ya fito, rabin kai fes yana ƙyalli, rabi daji. Ya ratsa layin daga farko har ƙarshe, mai agogo na tafi, mai fitilu na riƙe ciki. Da ya zo daidai tagar shagon ɗinki, ta ɗago ta gan shi. A ranar, karo na farko a aikinta, hannunta ya goce.

Admin ya karɓi amsarsa da mutunci, har ya ce zai ba da jar motar a ɗauki amarya, in dai ba za a tuƙa ta bi da bi ba.

Aka ɗaura aure cikin farin ciki, dangi sun cika gida, 'yan guruf sun zo suna ta musu a bakin ƙofa ko wasan ya cancanci tauraro biyar. Ango ya yanka makullin sabon gidansu guda biyu rak, nasa da nata. Na ukun ya ɗan tsaya masa a rai, sai amarya ta ce a yanka a kai wa Baba.

Yanzu da yamma sukan zauna gaban laftof ɗaya. Ita ke jan faɗa, in an koma gida hira sai ta miƙa masa, ta jingina da kafaɗarsa tana cewa surutun ya yi yawa, amma ba ta bari a tsallake. Baba ma ya koya, kuma ya sa an rubuta ra'ayinsa a guruf: wasan yana da tarbiyya, domin ko mugun ciki ba ya tsallake layi.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sa duk ƙofar alherin da suka nufa ta buɗe musu tun a murɗawar farko.