Ƙwayar da ta Shiga Akwatin Maganin Ama

Wanru 'yar shekara goma sha shida ce a birnin Tainan na ƙasar Taiwan. Tana zaune da kakarta, wadda take kira Ama. Ba abin da Wanru ke so kamar rawa.

Ran Asabar da yamma, ƙawarta Liwen ta ja ta zuwa gidan rawa. Kiɗa kamar zai tsaga bango. Liwen ta danƙa mata wata 'yar ƙwaya ruwan hoda.

"Haɗiye. Ƙwayar girgiza kai ce. Kowa a nan ya sha."

"Ba ta da illa?"

"Ke dai kin cika tsoro, sai ka ce 'yar firamare."

Kunya ta kama Wanru. Ta kai hannu baki kamar ta haɗiye, amma ta zura ƙwayar a aljihu. Don kada a gane, ta shiga girgiza kai iya ƙarfinta. Har ta fi waɗanda suka sha. Ta koma gida da wuya a sanƙare.

To, Ama mace ce da ba ta zubar da komai. Magungunanta kala bakwai ne, kuma kullum sai ɗaya ya faɗi, ta tsince shi, ta hure, ta mayar. Da safe tana lalube aljihunan kayan wanki, sai ga ƙwaya.

"Au, ashe nan kika ɓuya," in ji ta. Ta haɗa ta da magungunanta na ran Lahadi.

Wanru ta fito ta tarar Ama ta shirya tsaf, za ta rawar tsofaffi a lambun unguwa. Ga ruwan ɗumi a kofi, ga magunguna a tafin hannu. A tsakiyarsu, ruwan hodar nan. Wanru ta matso da sauri.

"Ama, kar ki sha wannan."

"Don me? Na hawan jini ne."

"Naki ai fari ne."

"Sun canza masa launi. Likitocin zamani, me ba sa yi?"

"To ai ya tsufa, Ama."

"Ni ma na tsufa, an zubar da ni?"

Ama ta kai hannu baki. Wanru ta san zuciyar Ama ba ta da ƙarfi. In ta yi shiru, tana iya rasa kakarta yau ɗin nan. Ta yi wuf ta riƙe hannun.

"Ba magani ba ne. Ƙwayar maye ce. A gidan rawa aka ba ni, ban sha ba." Sai ta fashe da kuka.

Ama ta ɗaga ƙwayar ta duba. "Wato saura ƙiris in je lambu ina girgiza kai gaban ƙawayena, ni da haƙoran roba?"

Ran Litinin Ama ta ƙulle ƙwayar a takarda, ta raka Wanru makaranta, suka kai wa Malama Kuo, malamar ajin su Wanru da Liwen. Malama ba ta yi dariya ba.

"Liwen tana asibiti," ta ce. "Irin wannan ƙwayar ta sha, jikinta ya yi mugun zafi, ta suma, amma tana samun sauƙi. Wannan abin yana wahalar da zuciya, kuma ba wanda ya san me aka zuba a ciki. Kin kyauta da ba ki sha ba. Amma me ya hana ki cewa a'a?"

"Tsoron a yi mini dariya, Malama."

"Shi ya sa kika kwaso haɗarin kika kai gida."

Ama ta yanke hukunci: wata guda Wanru za ta yi tana bin ta rawar lambu, ƙarfe shida na safe. Tsofaffin nan suka riƙa gyara mata taku, suna cewa yaran yanzu ba su da ƙwari. Da aka sallami Liwen, Ama ta haɗa da ita.

Tun daga nan Wanru ta gane: in an miƙo maka abin da zai cutar, kada ka sha, kada ma ka karɓa don kunya. Ka buɗe baki ka ce a'a, kowa ya ji.