Furfurar Shafa'atu

"Inna! Wayyo Inna, ba na gani!"

Da ƙyar muryar ta fito, don maƙogwarona ya shaƙe kamar an ɗaure shi da igiya. Na lalubi fuskata na ji ba tawa ba ce. Idanuna sun kumbura sun rufe, kunnuwana suna zafi, fatar kaina kuwa ruwa kawai take tsatsa.

Inna ta faɗo ɗakin tana salati.

"Innalillahi! Shafa'atu, me zan gani haka? Ɗazu fa muka wanke miki kan nan lafiya lau!"

"Numfashina, Inna... numfashina..."

Ban san yadda aka ɗora ni a Keke Napep ba. Na dai san na farfaɗo a gadon asibiti a nan cikin garinmu Malumfashi, da ƙarin ruwa a hannuna, wata nas mai ƙiba tana tsaye a kaina tana harararmu ni da Inna.

"Dayis na rina gashi kika shafa, ko?"

Na ɗaga kai.

"Tun yaushe kike shafawa?"

"Tun ina aji huɗu a sakandare."

"To ki saurare ni da kyau, 'yammata. Jininki ya daina karɓar dayis. Yau Allah ya sa an kawo ki da wuri. In kika sake, wallahi ba lallai ki iso ƙofar asibitin nan da rai ba."

Ba mutuwar kaɗai ta tsorata ni ba, kada in yi muku ƙarya. Bikina ne ya matso, an riga an raba goron sa rana, ni kuma shekarata ashirin da huɗu amma rabin kaina fari ne fat.

Furfura gadonmu ce ta wajen Baba. Su maza ba ruwansu, aski ne da hula, har a riƙa yi musu kirari wai furfurar arziki. Ni da na zo mace sai ta zame mini abin ɓoyo. Kitsona Inna ke yi a ƙuryar ɗaki, ƙawayena ba wadda ta taɓa ganin kaina babu ɗankwali. Saurayina na farko ƙanwarsa ce ta shigo mana ba sallama ta tarar ana shafa mini baƙi, tun daga ranar ko a hanya muka haɗu sai ya sauya layi.

Sai Allah ya kawo Mahadi.

Ɗan Funtua ne, yana bin ƙauyuka da kaka yana sayen masara da waken suya. Masarar Baba ya zo aunawa, na kai musu ruwa zaure, shi ke nan mutumin nan ya riƙa dawowa yana tambayar ko akwai sauran buhu, alhali ya san rumbun ya kwashe shi tas.

Ina kwance a gadon asibitin ya kira.

"Sahibata, ya na ji muryarki haka? Ina kike?"

Inna ta zaro mini ido.

"Asibiti... ƙudan zuma ne suka harbe ni a bayan gida."

"Subhanallahi! Ga ni nan zuwa yanzu!"

"A'a, Yaya Mahadi, don Allah kada ka zo ka gan ni a haka."

"Ko kin koma kamar kabewa ina son kayana. Shafa'ata, kada ki bari wani abu ya same ki, kin ji? Ba ni da wata."

Ya kashe, na juya fuskata bango na yi ta kuka.

Kumburi ya sace a hankali, amma gashi ba ya jiran kowa. Kullum na duba madubi sai in ga farin ya ƙara tasowa daga tushe. Ga kuma abin da ke hana ni cin abinci: a gidan su Mahadi ba a kai amarya wajen mai kitso. Al'adarsu ce tun kakanni, Gwaggon ango ita ke zuwa da kanta ta yi wa amarya kitson biki, matan dangi na zaune kewaye suna guɗa. Gwaggo Hajjo ake ce mata, tsohuwa ce daga Danja, an ce ko Hajiyar Mahadi ba ta iya musu da ita.

Na gwada jan lalle a gefe ɗaya. Da na wanke sai ga shi ja-ja-ja kamar gemun ladanin unguwarmu. Inna ta kalla, ta so ta yi dariya, sai hawaye ya riga ta.

Ana cikin haka Yasmin ta zo duba ni.

'Yar ƙanwar Hajiya ce, a gidansu Mahadi ta tashi, kuma kowa ya san ita ta so a ba shi. Ta shigo da ledar lemo tana yauƙi, bakin nan kamar zuma.

"Sannu amaryarmu. Ashe abin da ya faru ke nan? Kai, zumar nan ba ta da imani. Mu ga wajen harbin..."

Kafin in ankara ta kai hannu ta zame mini ɗankwali.

Na cafke shi da sauri, amma ina! Ta riga ta gani. Ta tsaya baki buɗe, sannan wani murmushi ya bazu a fuskarta.

"Ikon Allah... Anti Shafa'atu, ashe mu yara ne."

Ko lemon ba ta tsaya an yanka ba.

Daga ranar wayar Mahadi ta yi shiru. In kira ta yi ta ƙara ba a ɗauka, in tura saƙo in ga ya buɗe bai amsa ba. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai gabana ya faɗi, in ce 'yan karɓar kayan lefe ne suka iso.

Ranar da ya zo, bayan la'asar ne. Na same shi a zaure, ko tabarmar da aka shimfiɗa masa bai hau ba.

"Ina wuni, Yaya Mahadi."

"Lafiya." Bai kalle ni ba. "Yasmin ta gaya wa Hajiya kin haura talatin da biyar, wai an rage miki shekaru ne don a samu mai ɗauka. Ta ce kanki duk furfura."

"Wallahi tallahi shekarata ashirin da huɗu! Ka tambayi duk unguwar nan, shekarar da aka haife ni..."

"Furfurar fa?"

Na sunkuyar da kai.

"Akwai ta."

"Zumar fa?"

"Babu zuma. Dayis ne. Nas ta ce in na sake zai iya kashe ni."

Sai a lokacin ya ɗago. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Kina kwance tsakanin rai da mutuwa, ni kuma ina can ina yawon neman mai maganin harbin zuma har Bakori. Haka kika ɗauke ni, Shafa'atu?"

"Tsoro na ji... tsoro nake ji kada ka tafi."

Ya kawar da kansa gefe.

"Hajiya ta ce a ɗaga biki. Gwaggo Hajjo ta ce ba a ɗaga komai sai ta zo ta gani da idonta ranar kitso. Abin da ta yanke, shi za a yi."

"Kai fa? Me ka ce?"

"Ni ban san me zan ce ba tukuna."

Ya buga babur ɗinsa ya tafi, ko rakiya bai jira ba.

Ana gobe kitso Inna ta dawo daga kasuwa da wani ƙaramin kwalin dayis a ƙullin mayafinta. Ta ja ni ɗaki ta sakaya ƙofa.

"Wannan wani iri ne, mai kantin ya rantse mini ba ya cizo. Sau ɗaya tak, Shafa'atu. Gobe su ga kai baƙi wuluk, Yasmin ta ji kunya, a ɗaura aure. Bayan nan ko me ya fito, kina ɗakinki."

"Inna, in kuma na mutu fa?"

"Ki daina faɗar haka!" Ta fashe da kuka. "Ya kike so in yi? In zuba ido a sake guje miki? Kin san bakin mutanen garin nan. Wa zai ƙara tako ƙofar gidan nan?"

Ta kwaɓa shi a 'yar roba. Warin ya bugi hancina, nan take na ji maƙogwarona ya fara tuno ranar nan. Na kwance ɗankwali na zauna a gabanta. Na rufe ido na ga Mahadi yana murmushi, na sake rufewa na ga an shimfiɗe ni a tsakar gida an rufe da zane.

Inna ta ɗebo da tsohon burushi. Ɗigo ɗaya ya faɗo mini a wuyan hannu.

Kafin ta kai burushin kaina, wajen ya fara ƙaiƙayi, ya yi ja, ya tasa.

Muka tsura masa ido ni da ita.

"Inna," na ce, "ina son Mahadi kamar raina. Amma in na shafa wannan, gawa za a kai masa. In ma na tsira, wata mai zuwa fa? Da wanda ke bayansa? A gidansa wa zai ɓoye ni?"

Inna ta saki burushin. Ni na ɗauki robar da hannuna na kai makwarara na tuttular, na bi da buta. Ina yi ina kuka, don ji nake aurena nake zubarwa.

Washegari da hantsi mota ta tsaya. Mata suka cika mana tsakar gida, Hajiya a gaba fuska a ɗaure, Yasmin na bayanta ta sha kwalliya kamar ita ce amaryar. Gwaggo Hajjo 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai zanen Fulani a gefen baki. Ta zauna a kujera 'yar tsugunno, ta fito da matsefi da tsinken kitso da kwalbar man shanu.

"Ina 'yar tawa? Zo nan."

Da ƙyar na isa na durƙusa na gaishe su, na juya na zauna a tsakanin ƙafafunta. Ta kai hannu za ta kwance ɗankwalin.

"Gwaggo, bari in cire da kaina."

Na cire.

Tsakar gidan ta yi tsit. Wata ta ce, "La'ilaha illallahu."

"Kun gani ko?" in ji Yasmin. "Da aka ce sharri nake yi!"

Hajiya ta dubi Inna. "Haba baiwar Allah, ai ko tsakani da Allah kwa faɗa mana. Wannan ai yaudara ce. Ɗana yaro ne, a kai masa sa'ar yayarsa?"

Inna ta dube ni. Na san in ban faɗa yanzu ba, ba zan ƙara samun wuri ba.

"Hajiya, ki yi haƙuri. Ɓoyewar laifi ne, mun yi. Amma shekaruna ba a rage ko ɗaya ba, furfurar gadon gidanmu ce. Jiya ma an kwaɓa mini baƙin, da na shafa da ba wanda zai sani a cikinku. Na zubar." Na miƙa wuyan hannuna da ya kumbura. "Ɗigo ɗaya ke nan. Wannan kan shi Allah ya ba ni, ba ni da wani. In kun karɓe ni da shi, na gode. In kun fasa..."

Kuka ya ci ƙarfina.

Gwaggo Hajjo ta sunkuyo. Ta kama hannun nawa ta jujjuya, ta daɗe tana kallon kumburin. Sannan ta sa yatsu cikin gashina tana tsagawa, tana duba tushe, ta taɓa wuyana, ta ɗago haɓata ta leƙa idona.

"Wannan ce mai talatin da biyar ɗin?" Ta yi tsaki. "Yarinya ɗanya shakaf. Ke Yasmin, tashi ki miƙo mini ruwa, tunda ba ki da aikin yi sai leƙen kan mutane."

"Amma Yaya Hajjo..." in ji Hajiya.

"Amma me? Yarinyar da ta zauna gaban dangin miji ta buɗe abin da take tsoro da hannunta, ita za ki mayar? Ni na zo kitso." Ta dangwalo man shanu ta dafa kaina. "Ke, shuku kike so ko zane?"

Wata tsohuwa a baya ta rangaɗa guɗa, sauran suka kama. Hajiya ba ta yi guɗa ba, amma ba ta tashi ba.

An ɗaura aure ranar Asabar, aka kai ni Funtua kafin magariba. Duk da haka tsoron bai sake ni ba, don Gwaggo ce ta yanke, shi ban ji daga bakinsa ba.

Da 'yan rakiya suka watse ya yi sallama ya shigo. Ya zauna a bakin gado, ni ina ƙudundune cikin mayafi.

"Shafa'ata."

Rabon da ya kira ni haka har na manta.

"Gwaggo ta ba ni labarin hannunki. Da kin shafa abin nan saboda ni, da ban yafe wa kaina ba har abada. Ki yafe mini shirun da na yi."

Ya ɗaga mayafin a hankali. Ya kai hannu ga ɗankwalin, na riƙe hannunsa gam.

"Yaya Mahadi, ina jin tsoro..."

"Sake mini, Sahiba."

Na saki. Na runtse ido ina jiran abin da zan ji. Sai na ji yatsansa yana bin layin shukun tun daga goshi har ƙeya.

"Buɗe idonki."

Na buɗe. Hawaye ne a idonsa, yana murmushi.

"Tun ranar da na fara ganinki nake roƙon Allah ya sa mu yi furfura tare. Ashe ke kin riga ni tafiya." Ya sumbaci tsakiyar kaina. "Ki jira ni a nan, kada ki je ko'ina. Ina nan tafe."