Amaryar Da Ba A Turara Ba

Salama alaikum mutanena, har da ku masu leƙe ku wuce ba gaisuwa, ina ganin ku sarai. Yau labarin Bushira da Umara zan ba ku. Kun san bakina da tsokana, to amma wannan karon mai saurin kuka ya nemo hankici tun yanzu.

A kasuwar kifi ta Haɗeja suka haɗu. Umara direba ne mai lodin kifin banda, Babarbare dogo mai surutu kamar rediyo. Ita kuwa Bushira daga Guri ta kawo kwalayen tarwaɗar da suka banda ita da mahaifiyarta, Inna Larai. Ta naɗe fuska ruf da mayafi, ido kawai a waje.

"Hajiya, kifin zan duba ko idanun? Ni fa duk sun yi min."

"Duba kifin, Malam. Idon ba na sayarwa ba ne."

Tana sunkuyawa ta ɗaga kwali sai mayafin ya zame. Kumatunta da karan hancinta sun yi jajir, ga ƙananan ƙuraje kamar an watsa mata garin barkono. Ta yi wuf ta rufe.

Mutuminku sai ya ajiye wasa. Can ya ce a hankali, "Yana zafi?"

Ku gane, tunda abin nan ya same ta, kowa tambaya ɗaya yake mata: me kika shafa? Ba wanda ya taɓa tambayar ta ko da zafi. A nan Umara ya ci wasan, tun bai san an fara ba.

Abin fuskar kuwa haka yake. Ta matsa kusa da wuta ya tashi. Rana ta dake ta ya tashi. Yaji, shayi mai zafi, kai ko kunya ta ji sai ya tashi. Matan unguwa sun sa ta goga lemon tsami da toka, fuska ta ƙara ɗaukar wuta. Likita ya ce ba a ɗaukar sa, ba kuma ya warkewa gaba ɗaya, lallaɓa shi ake yi, ta guji zafi da hayaƙi. To ka ce wa 'yar mai banda ta guji hayaƙi? Uba ya rasu, ga ƙanne mata biyu, tukunyar gidan daga bandar nan take tafasa.

Inna Larai ce maganinta. Kullum aka sauke kifi sai ta tsoma tsumma a ruwan randa ta ɗora mata, ta yanko ganyen alobera da ta dasa a wata fasasshiyar tukunya ta shafa mata ruwansa, wani lokacin ta ɗiga zuma. Tana yi tana tari, don ita ma hayaƙin shekaru ya zauna mata a ƙirji.

Soyayya ta kankama, waya ba ta hutawa.

"Tarwaɗata, yau fuskar ta bar ki kin sarara? Ki ce mata ni ma ina layi, kada ta cinye min ke."

"Direba sarkin zance. Ta yi sanyi yau. Ka kula da hanya, ka daina danna waya kana tuƙi."

Sai ga gargada. Mahaifiyar Umara, Ya Fanna, ita ce mai gyaran amare da duk Haɗeja ta sani. Dilka, halawa, turaren wuta, amarya ta fito daga hannunta sai ka rantse sabuwa aka ƙero. Akwai kuma Amira, 'yar ƙanwarta, wadda ta daɗe tana kai wa Umara abinci ba a aike ta ba. Ita ta je kasuwa ta ƙare wa Bushira kallo, ta dawo da rahoto.

"Ya Fanna, bilicin ne wallahi. Mai ya ƙone ta, kumatu kamar tumatir."

Ya Fanna ta kira ɗanta. "Umara, na tsufa ina taɓa fatar mata, ba za a koya min ba. Wadda ta raina fatar da Allah ya ba ta, kai ma za ta raina ka. Ba a gidana ba."

Nan fa mutuminku ya tafka wautar da har yau nake masa tsiya a kai. Maimakon ya tsaya a kan abin da ya sani, sai ya tura saƙo.

"Bushira, don Allah gaya min gaskiya tsakanina da ke. Kin taɓa shafa mai?"

Sai ga amsarta ta shigo.

"Ranar farko ka tambaye ni ko yana zafi. Ashe ajiye ɗaya tambayar ka yi. Na gode."

Ta kashe waya. Umara ya rame, lodi ma sai ya riƙa mantuwa da kwalaye. Ƙarshe ya wanke ƙafa har Guri, ya durƙusa gaban Inna Larai a bakin banda, hayaƙi na sa shi hawaye, ko kuma dai hawayen nasa ne ya laƙa wa hayaƙi.

"Inna, ki roƙar min ita. Na samu Ya Fanna ta sassauto. Ta ce bayan Sallah a kai mata Bushira ta ga fuskar da idonta. In ta gan ta lafiya, magana ta ƙare."

Bushira ta yafe masa, kun san zuciya. Amma Inna Larai wani abu ta riƙe daga zancen. Washegari Bushira ta ɗauko itace, Inna ta tare ta.

"Ajiye. Daga yau ba ke ba banda."

"Inna, ruwa ya janye, kifi ya yi yawa. Ke kaɗai? Da wannan tarin?"

"Ni na yi nawa auren na gama. Shiga inuwa, kada in sake faɗa."

Haka aka yi. Lokacin da masunta ke juye kifi kwando-kwando, Inna Larai ita kaɗai take tsaye cikin hayaƙi, ta juya wannan ta kwashe wancan. Bushira na rumfa tana wanke kifi tana jin tarin uwarta. Ta tashi za ta taimaka, a daka mata tsawa. Da yamma kuma Innar ce dai za ta zo da tsumma da alobera.

Fuska ta kwanta luf. Ƙurajen suka baje, jan ya tafi, Bushira ta fito da kyanta na wankan tarwaɗa. Ƙirjin Inna kuwa ya ƙi. Ana saura kaɗan Sallah numfashi ya gagara, aka kwashe ta zuwa asibiti. A kan gadon ta ɗaga hannu ta shafa kumatun 'yarta.

"Kin gani? Ta yi sanyi."

Ba ta ga Sallar ba. Allah ya jiƙan Inna Larai.

Da aka share makoki Bushira ta tura saƙo ɗaya.

"Umara, ka nemi wata. Fuskar da ake son gani na biya ta da uwata, ba na son ta kuma. Gobe zan hura banda, ƙannena za su ci abinci."

Umara ya karanta, ya nufi ɗakin uwarsa. Da safe ya sa Ya Fanna a gaban mota, ya ce ko ba aure ai ta'aziyya wajibi ce. Suka iso Guri daidai Bushira na jera kifi a kan wayar banda. Ya Fanna ta yi gaisuwa, ta dubi fuskar nan sumul, ta gyaɗa kai.

"Kin ga da kika bar man, ai ga ki nan mutum."

Bushira ta miƙe. Ta ce, "Ku yi haƙuri Mama, kifi ba ya jira." Ta durƙusa ta hura wuta.

Ya Fanna na zaune tana kallo. A gaban idonta jan ya taso daga karan hanci, ya bazu kumatu, ya hau goshi. Ba kwalba, ba mai, wuta ce kawai. Matar da ta tsufa tana taɓa fata ta miƙe tsaye.

"'Yata, duk kwanakin nan da fuskar ta kwanta, wa ke tsayawa a nan?"

"Inna."

"Ita kaɗai?"

"Ta ce kina son ki gan ni lafiya."

Wallahi jama'a, a nan uwar Umara ta gane komai. Ya Fanna ta cire mayafinta mai tsada, ta tsoma shi cikin randa, ta janye Bushira daga bakin wuta ta ɗora mata a fuska. Tana dannawa tana kuka.

"Ni na tsayar da ita a nan. Ni ce. Ki yafe min, ko ba za ki auri ɗana ba."

Bushira ta ɗago ta dube ta. Sannan ta kama hannun, ta gyara masa zama. "Ba a dannawa, Mama. A hankali take yi."

Bayan watanni aka sa rana. Bandar ta koma hannun maƙwabciyarsu Barira, Bushira na wanki da gyaran kifi a inuwa, ƙannen kuma Ya Fanna ta ce gidanta za su zauna. Da gwaggwannin Umara suka iso da kasko da garwashi za a turara amarya kamar yadda aka saba a danginsu, Ya Fanna ta tare ƙofa.

"Ku mayar. Wannan ba a turara ta."

"Fanna, surukarki guda? Me za a ce a gari?"

"A ce abin da za a ce. Gidansu sun sha hayaƙin da ya ishe su."

Da ruwan randa da zuma da alobera ta gyara amaryarta. Cikin kayan da aka kai ɗaki kuwa, gaban gado da kujeru, har da fasasshiyar tukunyar nan ta Inna, Bushira ta rungume ta a cinya har Haɗeja.

Da ango ya ɗaga mayafi, kuka da kunya sun riga sun tayar da fuskar, ta yi jajir kamar ranar farko. Umara ya durƙusa.

"Tarwaɗata, yana zafi?"

"Yana yi. Amma yau ba fuskar ba ce."

Ya miƙa hannu ya yanko ganye ɗaya daga tukunyar Inna, ya fara shafa mata a hankali. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya haskaka kabarin Inna Larai.

To mutanena, ku da bakinku ba ya shiru: da ku ne Bushira, ranar da Ya Fanna ta ɗora muku jiƙaƙƙen mayafin nan, za ku kama hannunta ko ture shi za ku yi?