Alamar Ƙusa a Jikin Altaneta

Ranar da Rumaisa'u ta fara ganin Mahfuz, rabin jikinsa yana cikin wata mota, ƙafafunsa kawai ake gani. Ta tsayar da tsohuwar motar babanta a bakin rumfarsa da ke unguwar Gomari, ta gyara laffayarta.

"Wushe," ta gaishe shi. "Kai ne mai gyaran wutar mota?"

Ya ɗago, fuska duk baƙin mai, ya kalle ta har sifana ta kusa suɓuce masa. "Ni ne, ranki ya daɗe."

"Fitiluna ke ƙifta ido kamar mai jin barci. A Konduga nake koyarwa, dole in shigo gari kafin a rufe hanya da yamma."

Ya sa ta kunna fitilun ta taka mai. Ta taka, haske ya ƙaru. Ta saki, ya dushe. Ya goge kawunan batir, ya danna bel ɗin injin ya ji ƙarfinsa, ya ɗora mita. "Batirinki lafiya lau. Altaneta ce ta gaji, ba ta ba shi caji."

Da ya kawo sabuwa, sai ya miƙa mata ƙusa. "Ki karce alama a ƙasanta da hannunki. Haka nake wa kowa, kada gobe a ce tsohuwa na shafa wa fenti." Ta yi dariya, ta zana harafin farko na sunanta. Tsohuwar kuma ya saka mata a but ɗin motar, ta kai gida aka jefa a ɗakin shirgi.

Mota ta warke, sai mai motar ta kwanta ciwon so. Kullum da yamma saƙonsa zai shigo: "Fitilata, kin shigo gari lafiya?" Ita kuma ta amsa: "Lafiya lau, Injiniyana. Har yanzu ba su ƙifta ba."

Amma da maganar aure ta taso, Malam Ba'ana, mahaifinta, bai ga abin so ba. "Mai wayar mota, iyayensa daga Kano, ban san gidansu ba. Ga Bala ɗan ƙanwata, a gabana ya girma, shi ma bakanike ne." Da ƙyar ta shawo kansa ya ce Mahfuz ya turo manyansa ranar Asabar.

Ranar Alhamis ta ɗauko Baba daga gonarsa a Konduga. Rana na faɗuwa ta kunna fitilu, suka ƙifta sau biyu, suka mutu. Saura ƙiris ta afka wa wata tirela da ta lalace a gefen titi. Ta murɗa sitiyari, goshin Baba ya daki gilashi, jini ya wanke masa farar riga.

Bala ne ya zo ya ja motar. A tsakar gida ya buɗe bonet, ya girgiza kai. "Kawu, wannan ai tsohuwar altaneta ce. Wankewa kawai Mahfuz ya yi ya mayar. Ƙanwata, yaudararki ya yi."

Wallahi da mari aka yi mata da ya fi sauƙi. Mutumin da take faɗa wa abin da ko yayarta Saude ba ta sani ba, shi ne ya ɗora ran mahaifinta a kan hanya? Ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ta rubuta masa: "Na yarda da kai, ka ci amanata. Kada ka ƙara kirana." Ta toshe lambarsa, Baba kuma ya aika a ce kada kowa ya zo ranar Asabar.

Sati biyu ba ta da walwala. Ranar nan Saude ta miƙo mata waya. "Ni Mahfuz ya dama da saƙo. Karanta ki huta, in huta."

"Fitilata, ba zan rantse miki ba. Ki duba alamarki kawai."

Ta fita ba takalmi, ta buɗe bonet, ta zura madubin kwalliyarta ƙasan altaneta. Babu alama. Ta ruga ɗakin shirgi. Inda aka jefa tsohuwar sai shatinta a kan ƙura. Nan ta tuna wanda ya ari motar ranar Laraba, wai za shi bikin suna a unguwar Galtimari.

A gaban Baba ta tsare shi. "Yaya Bala, ina wadda na sa wa alama?"

Ya fara kame-kame, sannan ya sunkuyar da kai. "Na zaci a cikin gari za ta mutu. So nake kawai a fasa zancen Asabar."

"Ka san Alhamis nake ɗauko Baba," ta ce. "Kwano ɗaya muka ci da kai."

Malam Ba'ana ya shafa tabon goshinsa, ya dubi Bala. "Tashi ka ɗauko musu kayansu. Sannan ka je ka faɗa wa uwarka da bakinka, ni ba zan iya ba."

Da kansa Baba ya sa aka ja motar zuwa Gomari. Mahfuz ya juya altanetar da Bala ya dawo da ita, ya nuna harafin.

"Ka yafe mini, Injiniyana," ta ce a hankali.

"Ya yi mini ciwo, Fitilata, ba zan ɓoye ba. Amma na yafe tun ranar."

Baba ya yi gyaran murya. "Yaro, in ka gama ɗaurawa, ka ce wa manyanka Asabar tana nan."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure, aka sha bikin wushe-wushe na dare, gida ya cika da ƙamshin turaren wuta. Abokan ango sun jero motoci masu sheƙi, amarya ta ce ita sai tsohuwar babanta. Malam Ba'ana ya riƙe ƙofar motar, ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya raba ku da cin amanar na kusa." Kowa ya ce amin. Aka kunna fitilu bayan magariba, kuma har ƙofar gidan Mahfuz ba su ƙifta ba ko sau ɗaya.